Ƙodar Ɓerayen Na'a-na'a

Litinin, bayan an tashi aiki

Yau aka buɗe ambulan. Bari in rubuta abin yadda ya faru, tun kafin a fara koya mini yadda zan tuna shi.

Aikina a wannan cibiya duba ƙoda. Ana ba ɓeraye magani, in lokaci ya cika a cire ƙodar, a yanka ta siriri kamar ɓawon albasa, a shimfiɗa a gilashi, a rina, a kawo mini. Ni kuma in sa a madubin ƙara girman abu in faɗi abin da na gani. Ba a gaya mini gilashin wane ɓera ne, lamba kawai ke jikinsa. Duban makaho muke ce masa, don kada ido ya ga abin da zuciya ke so. Wadda ta san wace lamba ce ta wane keji ita ce mai yi mana lissafi, shi ya sa muke kiran ta Mai Makulli. Sai na gama duba na miƙa, sannan ta buɗe ambulan a gaban kowa.

Wannan karon maganin tataccen ruwan na'a-na'a ne mai kauri, na wani kamfani. Na kumburin ciki ne, in ji su. Suna so su rubuta a jikin kwalba cewa an gwada, ba ya taɓa ƙoda. Aka raba ɓerayen gida uku: masu shan ruwa zalla, masu shan maganin kaɗan, da masu shan sa da yawa.

Na ga ƙodojin da ƙananan bututunsu suka kumbura, wasu fatar cikinsu ta saɓule ta toshe hanya. Na rubuta. Da Mai Makulli ta karanto lambobin, kusan dukkansu na masu shan sa da yawa ne.

Ashana, abokin aikina da teburinsa ke jikin nawa, wanda ko kallon banza ke kunna shi, ya yi fito. Farfesa, shugaban sashenmu, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Ya ce, "Dakta, ka tabbata?"

Na ce, "Idona ya tabbata, ranka ya daɗe. Ni ban san na waye ba sai yanzu."

Ƙarshen watan nan kwantiragina ke ƙarewa. Farfesa ke sabunta shi. Takardun zuwan matata Maman Tsigi da 'yarmu Tsigi ƙasar nan a kansa suke rataye. Ban ce akwai alaƙa ba. Na rubuta ne kawai don yana kusa.

Talata, da safe

Ruwan sama tun asuba. Takalmina ya sha. A ƙasar nan ko ruwan sama ba ya sallama.

Laraba, lokacin hutun rana

Farfesa ya kira ni ofis. Ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba tunda na zo. Ya tambayi iyali. Ya tuna sunan Tsigi ma.

Daga nan ya turo mini tiren gilasan.

"Ka sake duba su, Dakta. A natse. Wataƙila rinin ne ya yi yawa."

Na ce, "Yanzu ai na san na waye. Idon da ya sani ba ya komawa makaho."

"Haba, Dakta. Mutum kamarka?"

"Mutum kamata shi ne abin tsoro, ranka ya daɗe. Na san abin da kake so in gani, na san abin da nake so in gani. Mu biyu mun yi wa gilashi ɗaya yawa. In kana shakka, Mai Makulli ta sake musu lamba, a kai wa wani wanda bai san komai ba."

Ya ce babu lokaci, kamfani na jiran rahoto. Ya ce rahoton ba ya fita sai da sa hannun mai duba ƙoda. Ya faɗe shi kamar yana yabona.

Na sha shayin. Ba laifin shayi ba ne.

Alhamis, da yamma

An kawo mini rahoton a rubuce. Layin ƙarshe: ba a ga wata illa ga ƙoda ba. An bar mini fili a ƙasa, har da 'yar alamar biro inda zan sa hannu, kada in ɓata hanya.

Ban sa hannu ba.

Juma'a, bayan an sauko

Maman Tsigi ta kira. Tana aunawa ne, wai rigunan sanyi nawa za ta saya, wai ko ta bari sai sun zo. Na ce ta bari. Ta ce muryata ta yi wani iri. Na ce mura ce.

Ta ba Tsigi wayar. "Baba, gadona wane launi ne?"

Na ce asiri ne.

Da muka gama na wuce ƙofar ƙaramin ɗakin da na tanadar wa Tsigi na shiga kicin. Ban buɗe ba.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Mutumin kamfanin ya zo. Mai Kwalba muke kiran sa, don duk inda ya shiga sai ya ajiye koriyar kwalbar nan a tebur kamar yana gabatar da ɗansa. Mutum ne mai fara'a, ban ƙi shi ba. Ya ce kakarsa ta sha na'a-na'a har ta ga tattaɓa-kunne.

Na ce, "Tawa uwar ma tana sha. Ganye nawa kakarka ke jefawa a buta?"

"'Yan kaɗan."

"Cikin cokali ɗaya na kwalbar nan ganye nawa ne?"

Ya yi dariya ya nuna ni da yatsa. "Kai dai lauya ya kamata ka zama."

Na ce, "Lauya yana da wanda yake karewa. Ni ƙoda kawai nake da ita, ita ma matacciya."

Ya ce mutane da yawa na cin abinci a ƙarƙashin wannan kwalba, masu noma, masu tata, masu tuƙi. Gaskiya ne. Na yarda da shi har zuciyata. Amma wanda zai sha ta, shi ma mutum ne, kuma shi ne kaɗai ba a gayyato taron ba. Tsohon da ƙodarsa ta riga ta gaji, zai juya kwalba ya karanta an gwada, sai ya ƙara cokali. Wannan "an gwada" ɗin, ni ne.

Ya bar mini kwalba ɗaya kyauta. Na tokare taga da ita.

Talata, da yamma

Ban sa hannu ba.

Laraba, bayan an tashi aiki

Dole in rubuta wannan daidai, ko da ba ya mini daɗi. Farfesa ya gano wani abu, kuma gaskiyarsa ce.

Ya sauko da kansa ɗakin dabbobi, cikin farar riga, ya kira ni. Ya nuna mini gorar ruwan da ake maƙala wa keji. Ya ce, "Dakta, ta ina muka ba su maganin?"

Na ce, "A ruwan sha."

"In kai ɓera ne, aka cika maka ruwanka da abu mai yaji haka, za ka sha?"

Ya ɗiga ɗan maganin a gora ya maƙala wa wani keji. Ɓeran ya zo, ya shinshina, ya yi atishawa, ya juya mana baya. Wallahi har da goge hanci da hannu biyu kamar tsohuwar da aka kawo wa miyar da ba ta so.

Ashe haka ne. Hanyar da aka saba ita ce ɗura: a riƙe ɓera, a zura masa siririn bututu ta baki, a ba shi awon da aka yanke, ruwan shansa kuma a bar masa shi zalla. Amma Farfesa ba ya son ɗura. Tun yana ɗalibi ya tsane ta, ya ce azaba ce. Shi ya ce a zuba musu a ruwa, su sha cikin mutunci. Tausayi ne ya sa shi, ba ha'inci ba. Sai ga shi masu shan magani da yawa sun yi ta ƙaurace wa gora, suna kurɓa sai ƙishi ya ci ƙarfinsu. Ba wanda ya auna ruwan da suka sha, don ba wanda ya yi tunanin ɓera zai yi yajin shan ruwa. Ƙishi kuwa shi kaɗai ma yana iya wahalar da ƙoda.

Na ce, "Ka yi gaskiya, ranka ya daɗe. Ban yi wannan tunanin ba."

Fuskarsa ta washe. Ya dafa kafaɗata. "To ka gani. Ƙishi ne. Sai ka sa hannu mu huta."

Na ce, "Ƙishin ya ƙwace mini cewa na'a-na'a ce ta yi. Amma bai ba ka cewa ba ita ba ce. Mutum biyu suka shiga ɗaki, muka tarar da tulu a fashe. Kai ka ce tunda akwai na biyu, na farko ya fita. Ni ban ga lokacin da ya fita ba."

"To me za ka rubuta?"

"An ga illa. Ba a san mai ita ba. A sake gwaji da ɗura."

Ya janye hannunsa daga kafaɗata a hankali, kamar ya ajiye shi a kan murhu bai sani ba.

Alhamis, da safe

Farfesa ya wuce ni a matakala. Ya gaishe da bango.

Alhamis, da yamma

Na tsaya a shagon kusurwa sayen sabulu. Mai shagon ya ce, "Yaushe iyali za su iso? Na ajiye wa yarinyar alewa." Wa ya aike ni in gaya masa tun farko? Baki ne, in mutum ya daɗe shi kaɗai sai ya yi ta zuba wa duk wanda ya yi masa murmushi.

Na ce, "Sun kusa."

Asabar, da hantsi

Ashana ya zo gidana ba sanarwa, da jaka a kafaɗa, idonsa na ƙyalli. Ya zazzage hotunan gilasaina a tebur. Ya ce ya san wata 'yar jarida. Har kan labari ya tsara: na'a-na'a na kashe ƙoda, an ɓoye.

"Yaya, kai dai ka ce e. Ba sai sunanka ya fito ba."

Na ce, "Ƙarya ce."

"Wace ƙarya? Ba kai ka gani da idonka ba?"

"Na ga ƙodar ɓera ta lalace. Ɓeran da ya sha tataccen abu mai kauri, ga ƙishi a kansa. Ban ga ƙodar mutum ba, ban ga ganye a buta ba. Ka rubuta wannan, gobe duk wata tsohuwa ta zubar da shayinta, jibi Farfesa ya fito da gora ya nuna wa duniya ɓera na atishawa, shi ke nan an binne maganar har da gaskiyar da ke cikinta."

"Kai wai ɓangaren wa kake?"

"Na ɓerayen. Su ne suka mutu a kan tambayar, ba a ba su amsa ba."

Ya ce ni matsoraci ne mai riƙe da kwantiragi da haƙora. Na ce ya je ya gaya wa Farfesa haka, zai so ya ji, shi a wurinsa ni jaki ne mai taurin kai. Ya tattara hotunan. Na ce ya bar su, nawa ne. Ya bari.

Zai fita ya ga ƙofar ƙaramin ɗakin. "Nan ne na 'yarka? Mu gani mana."

Na ce makullin ya ɓata.

Lahadi, da rana

Inna ta kira, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Kai, likitan ɓeraye! Kai ka sa a tumɓuke mini na'a-na'ata?"

Ashe na ɗan taɓa wa Maman Tsigi zancen aikin sama-sama, ita ta gaya wa ƙanwata, ƙanwata kuma ta shiga bayan ɗaki ta tuge duk abin da Inna ta shuka a tsohon bokiti.

Na ce, "Inna, ni ban ce ba."

"To in sha ko kada in sha? Ka yi ta karatu har gashinka ya zube, ka ba ni amsa ɗaya."

Na ce 'yan ganyen da take jefawa a buta ba su ne abin da muke gwadawa ba, namu tatacce ne mai kauri. Na ce ta sha abinta kamar yadda ta saba, amma duk abin da aka tace aka zuba a kwalba, kada ta kai baki sai likitanta ya gani, tunda tana shan maganin hawan jini.

"Wato ni ba ɓera ba ce."

"Ke ba ɓera ba ce, Inna."

"Alhamdu lillahi. Da na ɗauka sai an gwada." Sannan ta ce, "Kana cin abinci kuwa? Muryarka kamar ta wanda aka yi wa sata."

Na ce ina ci.

"Ko me suke so ka yi a can, in ba za ka iya gaya mini shi da bakinka ba, kada ka yi."

Ban gaya mata komai ba. Ban san ta inda take shiga ba.

Litinin, da yamma

Ban sa hannu ba. An sake kawo rahoton, an canza layin: ba a ga illar da za a danganta da maganin ba. Wayo ya ƙaru, maganar tana nan. A jikin kwalba duk "an gwada" za ta zama.

Talata, lokacin hutun rana

A ɗakin cin abinci teburin da nake zama ya yi faɗi. Mutane na zuwa da tire, su hango ni, su tuna suna da magana da wani a can ƙarshe. Ban ga laifinsu ba. Kowa da nasa ƙarshen watan.

Mai Makulli ce kaɗai ta zauna. Ta cinye abincinta. Da za ta tashi ta ce, "Malam, an tambaye ni ko zan iya cire ɓeraye uku daga lissafi, wai ba su da lafiya tun asali."

"Me kika ce?"

"Na ce a nuna mini inda aka faɗi haka kafin a buɗe ambulan." Ta ɗauki tirenta. "Kada ka ɗauka ina bayanka ne. Ni ba na bayan kowa, baya na ciwo."

Laraba, da safe

Na gaji. Ba irin gajiyar da barci ke magani ba. Shekarun da na yi a nan ina lanƙwashe a kan madubi, ana kiran sunana a karkace ina amsawa, ana tambayata ko a garinmu akwai wutar lantarki ina murmushi. Duk na haɗiye. Na ce ba komai, akwai ranar da zan je filin jirgi da 'yar riga a hannu. Abu ɗaya na zo da shi ƙasar nan wanda ba su suka ba ni ba, idona. Shi ma yanzu a ce in ba da aro.

Ba zan bayar ba.

Alhamis, bayan an tashi aiki

Farfesa ya ce in ban sa ba, zai nemo wani mai duba ƙoda daga waje ya sa. Na ce hakkinsa ne, amma ƙa'idar cibiya ta ce in mai duba da shugaba suka saɓa, kwamiti ke raba su. Na ce zan kai.

Ya ce, "Ka san abin da kake yi wa kanka?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Yarinyarka fa?"

Ban so ya ambace ta ba. Na faɗi wata magana da ba zan rubuta a nan ba. Rabinta ya cancanta.

Juma'a, da yamma

Maman Tsigi ta kira sau biyu. Na bar ta ta yi ta ƙara.

Asabar

Wanki. Guga. Na wuce ƙaramin ɗakin. Ban buɗe ba.

Talata, bayan la'asar

An yi zaman kwamiti. Dogon tebur, ruwan gora a gaban kowa, na yi ta kallon gorunan ina danne dariya.

Ba zan zayyana duk abin da aka ce ba. An yi maganar halina fiye da yadda aka yi maganar ƙoda. Wani ya ce ba ni da haɗin kai. Wani ya tambaya ko a inda na yi karatu ana koyar da irin wannan rinin. Na ce ana koyarwa, har da gaisuwa.

Wata tsohuwar likita a cikinsu, mai sanda, ita ce ta ce a kawo madubi. Ta duba gilasai kaɗan, ta ɗago. Ta tambayi Farfesa ko an auna ruwan da ɓerayen suka sha.

A nan zan ba shi hakkinsa. Yana iya kewaye-kewaye, ya iya. Sai ya miƙe ya ce ba a auna ba, kuma shi ya hana ɗura, ba wani ba. Na ji wani abu ya motsa mini game da shi, ban so ba.

Ta juyo kaina. "Kai kuma kana cewa maganin ne?"

Na ce, "A'a. Ina cewa ban sani ba, kuma duk wanda ke ɗakin nan bai sani ba."

Mai Kwalba yana can gefe, yau bai ajiye komai a tebur ba.

Suka ce mu jira.

Laraba

Jira.

Alhamis, da rana

Ashana ya ajiye mini lemo a tebur. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ban kai mata ba." Na ce na sani. Ya ce, "Har yanzu ina ganin kai matsoraci ne." Na ce lemon ma tsami gare shi.

Litinin, da safe

Takarda biyu a teburina.

Ta farko daga kwamiti. Za a sake gwajin, da ɗura, a bar wa ɓerayen ruwa zalla, a riƙa auna abin da suka sha. Kafin nan ba za a rubuta komai game da ƙoda a jikin kwalba da sunan cibiyar nan ba. Rahoto zai fita yadda mai duba ya gani.

Ta biyu daga ofishin ma'aikata. Ana godiya da hidimata. Saboda sake fasalin sashe, ba za a sabunta ba.

Ba su da alaƙa, in ji mai kawo takardun. Na ce ai na ga alama, ko ambulan ɗinsu ba iri ɗaya ba ne.

Litinin, da yamma

Layin ƙarshe na sabon rahoton: an ga illa a ƙodar rukunin da ya fi shan maganin. Ba a iya rarrabe ko daga maganin ne, ko daga ƙarancin shan ruwa, ko duka biyun. Wannan gwaji bai nuna maganin na da illa ga mutum ba, bai kuma nuna ba shi da ita ba.

Yau na sa hannu. Biron ne ya tsaya a tsakiya, sai da Mai Makulli ta ara mini nata.

Laraba, lokacin hutun rana

Ina kwashe tebur Farfesa ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Bai ce shi ya yi ba, bai ce ba shi ba ne. Ban tambaya ba.

Ya ce, "Sabbin gilasan, wa kake ganin zai duba?"

Na gaya masa wata mata a wata cibiya, wadda ban taɓa gani ba sai aikinta. Na ce kada a gaya mata komai, ko sunan ganyen.

"In ta ce ƙodar lafiya lau fa? In ya zamana ƙishin ne kawai?"

"Sai a rubuta a kwalba, in saya wa Inna."

"Ka rasa aikinka a banza ke nan."

"A'a, ranka ya daɗe. A ranar zai zama gaskiya. Yau bai zama ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce zai rubuta mini takardar shaida mai kyau. Na yarda zai yi. Mutum ne mai tausayin ɓera.

Alhamis, da hantsi

Na kira Maman Tsigi. Na faɗa mata duka, daga ambulan har takarda ta biyu. Na ce ba za su zo ba, ni zan dawo. Na ce ta yafe mini rigunan sanyin da ta yi ta zaɓa.



"Baban Tsigi, tun ranar da ka ce mura ce na sani. Kai da mura ba ta kama ka sai ka yi ƙarya." Ta ja numfashi. "Ba zan ce maka ban ji ciwo ba. Na gaya wa kowa. Na sayar da keken ɗinkina. Sai ka zo ka tsaya kusa da ni lokacin da za a yi ta tambaya."

Na ce zan tsaya.

"Gadon fa? Ka saya da gaske?"

Na ce na saya tun tuni. Shuɗi, mai 'yan katanga a gefe don kada ta faɗo.

"Mai katanga? Yaya tsawonsa?"

Na ɗauki makullin daga aljihun rigar da yake tun farko. Na buɗe. Ɗakin na warin fenti da rufi. Na auna gadon da taƙi ina gaya mata.

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ke haɗe da hawaye. "Wayyo Allah, likitan ɓeraye! Da tsohon hoto ka auna ta? Yarinyar da ta kawo mini kafaɗa? Ko ƙafafunta ba za su shiga ba!"

Na zauna a bakin gadon, ya yi ƙara. Na ji ta tana kira, "Tsigi, zo ki ji, Babanki zai dawo gida."

Daga nesa na jiyo muryar, ta fi yadda na san ta kauri. "Da gadon?"

Na ce a ce mata a'a. Ni kaɗai.